Juma'a Tamu, Lahadi Tasa

Baffa ya rasu da hantsin wata Juma'a cikin bazara, a ɗakinsa da ke Taloka, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Da aka sauko daga masallaci aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa. Ban je maƙabarta ba. Abin da na sani game da jana'izar a bakin mutane na ji shi, a ƙofar gidan, wurin zaman makoki.

An cika ƙwarai. Danginsa sun zo daga Wurno, yawancinsu malamai ne masu fararen rawuna. Surukai sun zo daga Maikujera, masunta daga bakin dam, dillalan albasa kuma daga ko'ina. Kowa da Baffan da ya sani. Wani masunci ya ce marigayin bai taɓa sayen kifi ba sai ya yi faɗa da mai kifin, in an gama faɗan kuma ya biya yadda aka ce masa tun farko. Ƙanensa, wanda ke limanci a Wurno, ya ce duk gidansu marigayin ne kaɗai ya ajiye allo ya ɗauki hauya, mahaifinsu ya yi ta fushi har ya gaji, amma ba a taɓa neman sa a sahu an rasa ba. Wani dillali ya ce bai taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, sai ya tuna inda yake zaune, ya yi sauri ya ƙara da Allah ya jiƙansa. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga cikin gida ba a jin kuka sosai. Inna, matarsa, ta hana.

Ni a gefe nake, kusa da inda ake tuɓe takalma. In sababbin baƙi sun zo an ɗaga hannu, nakan sunkuyar da kai in yi tawa addu'ar a zuci. Wani dattijo daga cikin surukan ya lura da ni, ya tambayi na kusa da shi ɗan wane ne. Aka ce masa ɗan Kiristan nan ne da marigayi ya ba gona, wanda ke karatun injiniya a Sakkwato. Dattijon ya ce ashe shi ne wanda bai biyo gawa ba. Sannan ya yi tambayar da na san wani zai yi ko ba yau ba: gonar, aro ce ko kyauta?

Babu wanda ya amsa sai Yaya, babban ɗan Baffa, ma'aikacin ofis ne a Sakkwato, rabonsa da fadama tun yana yaro. Ya ce a bar maganar sai an zo rabon gado. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Gonar aro ce, kuma babu takarda. Da ita Mama take ci, da ita ta biya mini makaranta, a cikinta kuma na kafa abin da nake fatan ya zama sana'ata. Na rubuta wannan ne don kada a manta da mutumin da ya ara mana ita, ko ta zauna a hannunmu ko ta fita.

Ba mu haɗa jini da Baffa ba. Baba, mahaifina, daga ƙasar Zuru ya zo yana saurayi, leburan haƙar magudanan ruwa. Da aikin ya ƙare abokansa suka koma gida, shi ya zauna, don ba shi da abin da zai koma ya tarar. Baffa ya yanka masa wani yanki na fadamarsa a gefen gulbin Rima, ya ce ya gwada albasa. Tun da na buɗe ido na ji Baba yana ce masa Yaya, ni kuma aka ce in ce Baffa, na ce.

Wanda bai yi noman rani ba zai yi wuya ya gane abin da ban ruwa yake nufi. Gona a yanke take fangali-fangali, wato 'yan ƙananan kwaruruka masu gefe. In inji ya jawo ruwa, sai mutum ya tsaya da hauya ya buɗe bakin wannan, in ya cika ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Ba a barin wurin. Cikin zafin bazara kuma albasa ba ta san wace rana ce ba. Ran Juma'a duk fadamar takan watse tun da hantsi, kowa ya tafi wanka da masallaci. Baba ne kaɗai ke saura, sai ya ba gonar Baffa ruwa. Ran Lahadi mu hau babur mu tafi 'yar majami'armu da ke cikin garin Goronyo, Baffa ya ba tamu. Ban taɓa jin sun zauna sun tsara wannan ba, ban kuma taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya godiya a kai ba. Ina yaro na ɗauka haka ake yi a ko'ina.

Kowane inji a wurin Baffa jaki ne. Injin ban ruwansa jaki mai tari, babur jaki mai gudu, injin niƙa jakin mata. In nasa ya ƙi tashi yakan ja igiyar har ya gaji, ya yi masa magana, ya ba shi ƙafa ɗaya, sannan ya zauna ya jira shi ya huce. Na sha gaya masa fulogi ne ya yi datti. Yakan bar ni in wanke, in ya tashi ya ce dama lokacin hucewarsa ya yi. Yana da rowar fetur, yana auna shi da tsohon gwangwanin madara, ba ya yarda kowa ya zuba sai shi. Goro kuwa ba ya ci, amma aljihunsa ba ya rabuwa da shi saboda mutane. In yana son ya san ko albasa ta ƙosa, sai ya tuge ɗaya ya goge a riga ya gatsa kamar mai cin goriba, idonsa na ruwa, ya ce saura kaɗan.

Bai taɓa yi mini wa'azi ba. Sau ɗaya kawai, ina ƙaramin yaro, ya same ni a gona ran Lahadi don na yi ƙaryar ciwon ciki na ƙi bin su Mama. Ya kalle ni ya ce wanda ya guje wa nasa ɗakin ibada ba ya amfanin na kowa, ya ɗora ni a babur ya kai ni har bakin titin majami'a, ya juya.

Baba ya rasu ina sakandare. Baffa ne ya shiga ramin kabarin da kansa tare da samarinmu, ya haƙa har zufa ta jiƙe masa riga. Da aka shigar da akwati cikin majami'a bai shiga ba, ya tsaya a ƙarƙashin wata dalbejiya. Da muka fito babu shi. Abin ya yi wa Mama zafi, ta ce ko gaisuwa bai tsaya ya yi mata ba, mutumin da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya da Baba. Sai bayan an watse, da muka leƙa gona muna tsammanin mu tarar da ita a ƙone, muka ga kowane fangali da danshi. Mama ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ba ta sake maganar ba. Daga nan Juma'a ta dawo hannuna in ina gida, in ba na nan Mama ta ɗauki hauya.

Tun kafin in ci jarrabawar shiga jami'a Baffa yake kira na Injiniya, da wata murya da ba za ka tantance yabo ne ko zolaya ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Amma duk hutun da na zo sai ya zaunar da ni a inuwar rudu, rumbun karan da ake ajiye albasa, ya ce in ba shi labarin abin da na gano.

Sashenmu yakan kai mu ziyarar masana'antu. Na ba shi labarin kamfanin siminti, da hular kwano da aka sa mana, da tanderun da tsawonsa ya fi layin gidajensu, wanda ke juyawa dare da rana ba a kashe shi, don in ya huce sai an yi asara mai yawa kafin ya koma daidai. Na yi ta bayanin zafi da awo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To in lokacin salla ya yi, wa ka tsayi wurin?"

Na ce na ga wani ma'aikaci ya miƙa wa abokinsa na'urar magana ya tafi alwala, an kuma ce mini ran Lahadi wancan ne ke riƙe wa wannan. Baffa ya yi murmushi ya ce ashe su ma sun san aiki.

Labarin masana'antar shinkafa bai yi masa daɗi ba. Na ce masa ɗaki ne babba, shanshera mai ƙaiƙayi na shiga ta nan, farar shinkafa na fita ta can a buhu, mutum biyu ko uku ne kawai zaune gaban allo suna danna maɓalli. Ni abin ya burge ni, har na fara tunanin in nemi aiki a irin wurin in na gama. Shi tambayarsa ita ce da wa suke hira.

A ƙungiyarmu ta ɗalibai Kirista ana yawan yi mana magana a kan kada mu jira aikin gwamnati, mu kafa namu, mu riƙe amana. Na daɗe ina juya abin a raina, ina addu'a a kai. Abin da na fi sani a duniya shi ne yadda kuɗin fetur ke cinye manomin rani kafin albasa ta kai kasuwa. Sai na ƙudura cewa aikina na ƙarshe a makaranta zai zama famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, in ya yi kyau in riƙa haɗa wa manoma. Na gaya wa Baffa. Ya ce faifan solar da ake shanyawa a rana zai jawo aradu, na ce ba ya jawowa, ya ce za mu gani. Har yau aradu ba ta faɗo ba. Amma ya ba ni shawara ɗaya da na riƙe: kada in sayar wa mutum abin da in ya lalace ba zan iya zuwa da ƙafata in gyara ba.

A gonarmu na kafa shi. Na shimfiɗa bututu mai baki a kowane fangali, na sa agogon da ke kunna famfon ya kashe da kansa. Ranar da na gwada, maƙwabta suka taru suna kallon ruwa na fita ba ƙara ba hayaƙi. Baffa ya zagaya shi, ya ce wannan jakin da ba ya cin dusa ne. Ina cikin jin daɗi na ce masa in kowa ya samu irinsa, ba wanda zai sake tsaron gonar wani, mai Juma'a ya tafi Juma'arsa, mai Lahadi ya tafi Lahadinsa hankali kwance.

Ya ce, "Mi kac ce?"

Na maimaita, don na ɗauka bai ji ba.

"Ubanka bai taɓa ce mani ya gaji da Jumu'ata ba," in ji shi. "Ni ko ban ce na gaji da Lahadinku ba. Wa ya aike ka ka raba mu?"

Na ce ba rabawa ba ce, sauƙi ne. Ya ce akwai sauƙin da ba a roƙa ba. Ya saɓa hauyarsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Har na koma makaranta, in na gaishe shi amsarsa ɗaya ce, lahiya, ba Injiniya ba komai. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da na faɗa da ba gaskiya ba, kuma har yanzu ina ganin manomi ya fi buƙatar rana kyauta da fetur mai tsada. Shi ma bai janye tasa ba. Mama ce ta kira ni a waya bayan wasu makonni, tana dariya. Ta ce duk Lahadi in sun dawo daga majami'a sai ta tarar da sawunsa a gona. Ta yi ta mamakin abin da yake zuwa yi, tunda ruwa na ba da kansa, sai wata maƙwabciya ta gaya mata: yakan zo da wani tsohon rawaninsa da ya yage, ya jiƙa, ya goge fayafayan ɗaya bayan ɗaya, ya kori tsuntsaye, sannan ya zauna a gefe har rana ta karkata. Faifan yana buƙatar a goge shi, wannan gaskiya ne, ko da yake ba kowane mako ba. Ban gaya masa ba. Da na dawo hutu ya ce, "Injiniya, jakin nan naka ƙazami na," daga nan muka ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Nasa tsohon injin kuwa bai yarda an canza ba har ya bar duniya.

A bana Mama ta riga Baffa dashen albasa. Lokacin da ya kwanta ciwo, albasarmu ta ƙosa, ganyenta ya fara kwanciya. A irin wannan lokacin ake yanke mata ruwa gaba ɗaya, a bar ƙasa ta bushe kafin a tuge, don in ta sha ruwa a ƙarshe ba ta ajiyuwa, sai ta ruɓe a rudu. Mu kuwa niyyarmu mu ajiye har damina, lokacin da take daraja. Na kashe famfon. Tasa albasar baya ta zo, tana tsakiyar shan ruwa, kuma tun da ya kwanta ba ta samu yadda ya kamata ba.

Ranar da ya rasu na je gidan, na taya shimfiɗa tabarmi, na ɗebo ruwa. Da maza suka tashi za su masallaci, na shiga zaure na ɗauki injin da gwangwanin madarar, na ɗaure a babur, na nufi gonarsa. Fadama ba kowa. Sai da na wanke fulogi ya tashi. Ina buɗe fangali ina toshewa, ina lissafin yanzu an yi huɗuba, yanzu an sallame, yanzu an ɗauko shi. Na yi masa addu'a da irin kalmomin da na iya. Ban san yadda Allah zai shirya tsakaninmu a can ba, wannan ya fi ƙarfin karatuna. Na dai roƙa masa jinƙai, na ci gaba da aiki har ruwa ya kai fangalin ƙarshe. Ban gaya wa kowa inda na je ba, ba kuma wanda ya tambaye ni kai tsaye.

Addu'ar uku ta faɗo ran Lahadi. Na zauna da safe har aka shafa, baƙi suka fara sallama, sannan na ɗauki Mama muka tafi majami'a. A hanya ta ce mini in an karɓe gonar kada in yi jayayya da kowa, an yi mana abin da ba dole ba. Na ce to. Ban ji wa'azin ranar ba, ina ta tunanin yadda zan kwance fayafayan da inda zan kai su, da kuma ko in nemi aikin kamfanin shinkafa kawai.

Da muka dawo bayan azahar na ce bari in biya gona. Tun daga nesa na ga tana ƙyalli. Famfon na aiki, an danna maɓallin da ke sa shi ya yi ta zuba ba tsayawa. Kowane fangali ya cika ya tumbatsa, ganyen albasa na yawo a kan ruwa. A tsakiya ga Yaya, ya naɗe wandon shaddarsa har gwiwa, laka har ƙwauri, takalmansa na rataye a kan rudu. Da alama tun da baƙi suka watse yake wurin.

Ya ce da aka gama addu'a ya shiga gaida Inna a ɗakin takaba, ba ta ce masa komai ba sai, yau Lahadi. Bai gane ba, sai da ta yi masa bayani. Ita ce kuma ta gaya masa inda nake ranar jana'iza, don ta ga babu injin a zaure. Ya ce da ya zo ya tarar gonar ta bushe ƙamas, har ƙasa ta tsage, abin ya ba shi kunya, shi ya sa ya bar ruwan ya shiga sosai.

"Ya isa, ko in ƙara?" ya tambaye ni.

Na dubi albasar. Na san ba za ta ga damina ba, sai dai mu tuge ta da ta sha iska mu sayar a arahar kaka, lokacin da kowa ke sayarwa. Da Baffa ne, da ya gatsa ɗaya ya san ba ta son ruwa. Na je na kashe famfon, na ce, "Ya isa, Yaya. An gode."

Ya fito yana share laka da kara. Ya ce maganar gado ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai ƙanne, akwai malamai, ba zai yi mini alkawarin abin da bai mallaka ba. Na ce na sani. Ya sauko da takalmansa, ya riƙe a hannu, ya nufi hanya. Ya yi 'yan taku ya tsaya.

"Gobe nika komawa wurin aiki, amma ina tahowa ran Asabar," ya ce. "Jumu'a dai taka ta."

Mun tuge albasar, mun sayar da abin da ya sayu. Rudun bana babu komai a ciki. Mama ta hana ni in gaya wa Yaya ruwansa ne ya jawo haka, ta ce in ya ƙara zuwa dai in nuna masa yadda ake gane wadda ta ƙosa. Ba a yi rabon gado ba tukuna, fayafayan suna inda suke, tsohon rawanin yana rataye a ƙarƙashinsu inda Baffa ya bar shi.

Allah da ya san abin da Baffa ya shayar, ya shayar da shi, ya sanyaya masa makwanci, ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Jibi Juma'a ce, tasa albasar kuma saura kaɗan.